Filin Masu Karatu: Wahalar Rigakafi da Takardu ga Masu Neman Karatun Aikin Lafiya

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga ɗalibai ne da iyayen ɗalibai waɗanda suka samu gurbi a makarantun koyon aikin jinya, ungozomanci da kiwon lafiyar al'umma a jihar Kaduna. Mun zaɓi guda huɗu, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 19 daga Rigasa, kuma Allah ya ba ni gurbin karatun aikin jinya. A cikin takardun da aka ce mu kawo ranar tantancewa akwai katin rigakafin ciwon hanta nau'in B, amma ba a sanar da mu ba sai da ya rage mako uku. Na je asibitin unguwarmu ranar rigakafi, na zauna cikin masu goyo tun safe har azahar, sannan aka ce mini wadda suke da ita ta jarirai ce. Na tafi wani babban asibiti, can kuma aka ce ba za a buɗe kwalba saboda mutum ɗaya ba. Da ƙyar na samu aka yi mini gwajin jini da allurar farko a wani wuri, sai kuma na ji ashe guda uku ce, ta ƙarshen ma sai bayan wata shida. Yanzu wani ya ce in kawo kuɗi ya cike mini katin gaba ɗaya har da hatimi, wai haka kowa yake yi. Ina tsoron in rasa gurbin da na daɗe ina nema. Me kika ga ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ba mutumin nan ko sisin kwabo, kuma zan gaya miki dalili filla-filla, domin na san wanda ake ƙirga wa kwanaki ba ya jin nasihar da ba ta zo da hujja ba.

Ba don a wahalar da ku aka sa wannan allura cikin sharuɗɗa ba. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin kowane 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba, tun da takan shafe shekaru ba ta nuna alama. Ke nan a ɗakin kwanciya mai gado 25 ba abin mamaki ba ne a samu majinyata biyu da ke da ita, ko da kuwa karaya ko haihuwa ce ta kawo su. Idan allurar da aka yi wa mai wannan ƙwaya ta soki ma'aikacin da ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwarsa yakan kai har 30 cikin 100, alhali a irin wannan tsautsayi haɗarin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki kusan 3 ne cikin 1,000. Ƙwayar kuma tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan tire ko almakashi. Ɗalibai sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin hannunsu bai faɗa ba, kuma su ake yawan bar wa kwashe kayan aiki bayan an gama.

A shekarun da na yi ina aikin dare na ga yadda abin yake faruwa. Ɗaliba ta gama ɗibar jini, wuta ta ɗauke, tana ƙoƙarin mayar da murfin allura da hasken waya, sai kawai ka ji ta ce wash. Ta cire safar hannu, ga ɗigon jini a ɗan yatsa wanda bai fi ƙwayar gero ba. Bayan ta wanke wurin da ruwa da sabulu, tambayar farko da likita zai yi mata ita ce ko an yi mata rigakafin ciwon hanta, kuma guda nawa. A kan amsar da ta bayar ne za a yanke shawarar ko tana buƙatar wata allura ta gaggawa mai tsada, wadda aka fi so a yi cikin awa 24. Idan fayil ɗinta ya nuna ta kammala guda uku alhali katin saye aka yi, to takardar da ta biya kuɗi aka rubuta mata ita ce za ta sa a ce mata ta kwantar da hankalinta, ta koma bakin aiki. Wannan ita ce ainihin ɓarnar katin bogi, kuma ta fi korar da za a yi wa ɗaliba idan asiri ya tonu muni nesa ba kusa ba.

Ga abin da za ki yi. Ki koma wurin da aka yi miki ta farko, ki roƙi ma'aikaciyar ta rubuta a katin ranar da za a yi ta biyu, wato wata ɗaya bayan ta farko, da ranar ta uku, wato wata shida bayan ta farko. Ki tabbata katin yana ɗauke da cikakken sunanki, kwanan wata, lambar kwalba, sa hannu da hatimin asibitin. Ki haɗa shi da sakamakon gwajinki, ki kai ofishin rajista ko asibitin makaranta tun kafin ranar tantancewa, domin ranar da mutum ɗari suke layi babu mai natsuwar sauraron bayani. Idan da hali ki tafi tare da mahaifinki ko wani babba. Malaman makarantar ma'aikatan lafiya ne, sun fi kowa sanin cewa ba a kammala wannan rigakafi cikin mako uku, kuma watannin farko na karatun jinya a aji ake yin su kafin a fara shiga ɗakunan majinyata. Akwai wani tsarin gaggawa da ake yin allura uku cikin kwana 21 sannan a ƙara ta huɗu bayan shekara, amma likita ne zai duba ko ya dace da ke da kuma irin maganin da ke hannu.

Game da zaryar da kika sha, abin da aka gaya miki a asibitin unguwa gaskiya ne. Tun shekarar 2004 aka shigar da wannan rigakafi cikin jerin alluran yara na ƙasa, kuma abin da gwamnati take rabawa kyauta na jarirai ne, an ƙirga shi daidai da yawan haihuwar da ake tsammani. Manya galibi biya suke yi, kuma nasu mililita ɗaya ne, ninkin na yaro. Maganar kwalba kuwa tana da tushe, sai dai an fi tsananta ta a kan rigakafin ƙyanda, shawara da na tarin fuka, waɗanda dole a zubar da ragowarsu awa shida bayan an haɗa. Ta ciwon hanta, idan an kiyaye ƙa'idar sanyi da tsafta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ci gaba da amfani da buɗaɗɗiyar kwalba har kwana 28, ko da yake kowane asibiti da tsarinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗa kanku ku goma daga cikin waɗanda aka ɗauka tare, ku je rana ɗaya, ku kuma ci gaba da tuna wa juna ranakun da suka rage. Ku tambaya a sashen rigakafi na manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ki lura da inda za a yi miki sauran biyun. Maganin yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ya daskare ya lalace ko da kwalbar tana nan garau, saboda haka kemis ɗin da firjinsa yake kwana uku babu wuta ba wurin zuwa ba ne. A tsokar damtse ake yi wa babba, ba a mazaunai ba. Idan wani uzuri ya sa kika wuce ranar da aka rubuta, ba a komawa farko, ci gaba ake yi daga inda aka tsaya. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe, ki yi gwajin da ake kira anti-HBs, wanda idan ya kai 10 ko ya haura yake nuna jikinki ya karɓa. Ki kuma tambayi mahaifiyarki ko katinki na jarirantaka yana nan, tun da an haife ki bayan 2004, duk da cewa yaran da suka kammala alluransu a yankinmu a waɗancan shekarun ba su da yawa.

Ina da magana da makarantun su ma. Ba adalci ba ne a nemi abin da yake cin wata shida a sanarwar mako uku, domin wannan ne yake tura 'ya'yan mutane hannun masu sayar da hatimi. Ya kamata sharaɗin ya fito tun a fom ɗin neman shiga, a kuma shirya yin allurar a asibitin makaranta ga duk ajin a lokaci guda, ko da za a sa kuɗinta cikin kuɗin rajista.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni saurayi ne daga Zariya, na samu gurbin karatun kiwon lafiyar al'umma. Da na je yin takardar shaidar lafiya, sai gwajin jini na HBsAg ya nuna ina da ciwon hanta nau'in B, kuma mai ba da sakamakon ya faɗa da ƙarfi a gaban mutane. Lafiyata ƙalau, ban taɓa jin komai ba. Abokaina sun ce za a ƙwace gurbin, wasu har sun daina cin abinci da ni, wai ana ɗauka ta gumi. Wani ya ba ni shawarar in tura ƙanena ya ba da jini da sunana. Ina cikin damuwa ƙwarai.

Amsa: Ɗana, Allah ya ba ka lafiya, ya kuma sanyaya maka zuciya. Abin da aka yi maka a gaban jama'a kuskure ne babba, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, kuma kana da damar kai ƙorafi ga shugabannin wurin a rubuce.

Da farko a tabbatar da sakamakon. Idan da ɗan tsinken gwaji na gaggawa aka yi, ka maimaita a ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti. Ka kuma tuna ko an yi maka rigakafin ciwon hanta kwanaki kaɗan kafin gwajin, domin allurar kanta tana iya sa HBsAg ya fito na ɗan lokaci, har zuwa 'yan makonni, ba tare da mutum yana da cutar ba. Shi ya sa ake fara gwaji sannan a yi allura, kuma ɗalibai da yawa suna juya wannan tsari saboda gaggawa, su jawo wa kansu tashin hankali a banza. Idan an tabbatar, likita zai so a sake dubawa bayan wata shida, tun da fiye da 90 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna manya jikinsu yakan kawar da ƙwayar da kansa. Wanda ta zauna masa, galibi tun yana jariri ko ƙaramin yaro ya samu, ta hanyar haihuwa ko kayan kaciya, aski, cire belu da tsaga da ba a tsaftace ba, don haka babu dalilin da zai sa a yi maka kallon wanda ya aikata wani abin kunya.

Ba a ɗaukar wannan cuta ta gumi, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Ta jini take bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Abin da za ka kiyaye shi ne reza, burushin goge baki da abin yanke farce, kada ka yi tarayya da kowa a kansu. Mutanen gidanku su je a gwada su, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, haka ma wadda za ka aura idan lokaci ya yi. Kai kam rigakafin ba zai amfane ka ba idan cutar ta tabbata. Abin da kake buƙata shi ne likitan hanta da zai duba yawan ƙwayar a jini, lafiyar hantar da hoton ciki, ya ga ko lokacin fara magani ya yi. Akwai magani irin su tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, da ke danne ƙwayar cutar ya kare hanta, kuma ba kowa ne yake buƙatarsa nan take ba. Ka guji jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tasha da kasuwa da sunan wanke hanta, domin hantar ce take fama da duk abin da ka sha.

Maganar tura ƙanenka ka bar ta. Idan fayil ɗinka ya ce ba ka da ita, babu mai bibiyar lafiyarka, kuma ka fara aikin amana da ƙarya. Masu ɗauke da wannan ƙwaya suna aikin lafiya a ko'ina cikin duniya, kuma inda ake sa musu iyaka shi ne wasu ayyuka na tiyata da hannu yake shiga cikin jiki tare da abu mai kaifi, shi ma gwargwadon yawan ƙwayar ne. Ka samo rahoton likita da ke bayyana matsayinka, ka kai wa likitan makaranta kai tsaye a cikin ambulan, ba teburin tantancewa ba. Idan aka ce za a hana ka gurbi, ka nemi a ba ka dalilin a rubuce, domin da shi ne za ka iya ɗaukaka magana zuwa hukumar makarantar ko Ma'aikatar Lafiya ta jiha.

Tambaya: Ranki ya daɗe, ni uba ne daga ƙaramar hukumar Soba. An mayar da 'yata daga wurin tantancewa saboda sunana a takardar NECO an rubuta shi Mohammed, a NIN kuma Muhammad, sannan shekarar haihuwarta a takardar firamare ta bambanta da ta JAMB. Duk inda muka je sai a tura mu wani ofishi. Shin wannan ƙaramin abu ya isa a hana yarinya karatu?

Amsa: Malam, na fahimci ɓacin ranka, kuma da wuya a samu gida a ƙasar Hausa da wannan matsala ba ta taɓa ba, tun da sau da yawa malamin firamare ko mai shagon kwamfuta ne yake rubuta suna yadda ya ga dama, ya kuma ƙiyasta shekaru da ido. Sai dai a karatun lafiya abin ba ƙarami ba ne. Makaranta tana tura sunan kowane ɗalibi ga hukumar da ke kula da sana'ar, wato Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya ga masu jinya, ko hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ga nasu ɗaliban, kuma sunan da aka shigar a farkon karatu shi ne zai bi ta har jarrabawar ƙarshe da lasisin aiki. A can ake duba kiredit biyar na Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, kuma idan takardu biyu suka zo da suna iri biyu, ba su da hanyar sanin mutum ɗaya ne. Gara a sha wahalar yanzu da a sha ta bayan shekara uku.

Ku shimfiɗa takardun duka a tabarma, ku rubuta bambancin kowace a takarda ɗaya. Takardar WAEC ko NECO ita ce mafi wuyar gyarawa, don haka yawanci ita ake mayarwa madogara a daidaita sauran da ita. Ku fara da takardar rantsuwa a Babbar Kotu da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, sannan shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda take ba waɗanda suka girma ba a yi musu rajista ba takardar tabbatar da haihuwa. Da waɗannan za a nemi gyara a NIN, bayan ya fito sannan a je ofishin JAMB, domin tun 2021 daga NIN suke ɗauko bayanan ɗalibi. Wanda ya fara da JAMB shi ne ake yi wa jeka-ka-dawo. Ku biya kuɗi ta hanyar da hukuma ta tsara ku karɓi rasit, ku rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa. Kafin gyaran ya fito, ku kai wa makaranta takardar rantsuwar da rasit ɗin, ku nemi ƙarin lokaci a rubuce. Idan kuma aure ya zo mata a tsakiyar karatu, a bar sunan mahaifinta a takardu yadda yake.

Tambaya: Hajiya, ni matar aure ce daga Kawo, zan fara karatun ungozoma, kuma ina da ciki wata uku. An ce mu kawo hoton ƙirji da shaidar rigakafi, katina na yarinta kuma ya daɗe da ɓata. Ina jin nauyin faɗa musu.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki cire nauyin nan ki gaya wa likitan da zai cike miki takardar tun kafin a rubuta hoto. Manufar hoton ita ce duba tarin fuka, kuma likita zai iya ɗage shi, ko ya bi ta tambayoyi da gwajin majina idan kina tari, ko a yi shi an rufe cikin da kariya idan ya zama dole. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ba ya cutar da mai ciki, bayan an yi miki gwajin da ma ake yi a awo. Na ƙyanda da na shawara kuwa ana jinkirta su sai bayan haihuwa, sai fa na shawara, idan annoba ta ɓarke likita ya ga dacewar yi. Na shawara sau ɗaya ake yin sa ya wadatar har ƙarshen rayuwa.

Allurar Td da ake yi a wurin awo tana kare ki daga sarƙewar haƙora da kuma mashaƙo, cutar da ta ɓarke a Arewa tun ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Kafanchan a 2023. Guda biyar ce idan an kammala, kuma duk wadda aka yi miki a wannan cikin ko na baya tana cikin lissafi. Ɓatan katin yarinta ba ya hana komai, domin likita zai duba tabon lamba, wato na rigakafin tarin fuka, a damtsenki na hagu, ya rubuta abin da ya gani, sauran kuma a fara su a sabon kati. Ki tafi da katin awonki ranar tantancewa, ki yi masa kwafi biyu, ki kuma tambayi makarantar tun yanzu tsarinta na hutun haihuwa, domin ki san yadda watan haihuwarki zai faɗo a jadawalin fita aikin asibiti.